Tururin Butar Malam

Jiya ɗiyata ta ce malamarsu ta ba su zaɓi a jarrabawa: rubutu, zane ko magana. Sai marigayi malaminmu na Tudun Wada ya faɗo mini a rai.

Wata rana na kasa rubuta yadda ruwan sama ke samuwa. Ya janye takardar, ya turo mini butar shayinsa mai ƙamshin citta, ya ce, "Yaro, gwada mini."

Na kara murfi bisa tururin, ruwa ya ɗigo. Ya yi murmushi, ya sallame ni.

Har yau ban gane ba: ni na gwada masa, ko shi ya gwada ni? Na ci, ko tausayi ne?

Allah ya sauƙaƙa wa Malam tambayar kabari yadda ya sauƙaƙa mini tawa.