Sifika a Bakin Randa

Ni tun ina ƙarama kunnena ya fi idona aiki. Ina zaune a ɗaki zan gaya muku babur ɗin wa ya tsaya a ƙofar gida. Idan maƙwabciya tana daka na san gero ne ko dawa, har turmin ma na san nata ne ko aro ta yi. Boko a aji uku na tsaya, fita kuwa ba ta dame ni ba. A bar ni a tsakar gidana a Batsari da mutanen da zan yi wa surutu, to an gama mini komai.

Wurin Inna na gaji wannan kunne. Shekarar da hanyar garinmu Tsaskiya ta daina biyuwa cikin kwanciyar hankali, 'yan unguwarmu suka yi ta watsewa, sai Yayana ya ɗauko ta a babur ya kawo mini ita. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Amma bakinta da kunnenta lafiya lau, matar da in ta fara hira sai tuwo ya ƙone.

A gidanmu muna da al'ada. Bayan la'asar, idan batirin sola ya cika, sai mu taru a falo mu kalli fim har a kira magariba: ni da yara, da maigidana in ya dawo daga kasuwar hatsi, da maƙwabta biyu ko uku. Kayan sautinmu wani ɗan hom tiyata ne da ya tsufa, mai ƙananan sifiku biyar, uku sun mutu, babbar kuma tana zzz kamar ƙuda. Mu ba mu damu ba, don ido yana cike mana abin da kunne ya rasa. Inna ba ta da wannan gatan.

Rana ta farko ta zauna, ta biyu ma ta zauna, tana ta taɓa ni.

"Auta, wa ya yi magana yanzu? Uwar ko ɗiyar?"

"Ɗiyar ce, Inna."

"To mi ta ce?"

Kafin in gama maimaita mata fim ya wuce gaba, yara suna ta tsaki a ɓoye, ita kuwa tana jin su sarai. A rana ta uku ta dafa bango ta miƙe.

"Wanga abu naku ƙuda ne cikin gwangwani. Ku yi kallonku."

Daga ranar ta shige ɗaki. Da la'asar ta yi, gida duka ya koma falo ana dariya, ita tana can ita kaɗai da carbi. Na ce to a daina kallon mana, sai ta yi mini faɗa, wai so nake jikokinta su tsane ta. Hira ta ragu, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Ran nan Yaya ya zo gaishe ta, ina wanke-wanke na ji ta ce masa da an yanke gero ya zo ya mayar da ita Tsaskiya. "Can ko ba kowa, na san kukan kowace ƙofa," in ji ta. Gidan da babu mai ɗebo mata ruwa, babu mai ɗora mata tukunya! Kuma Inna in ta faɗi magana ba ta janyewa. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

Ina da wata jar akuya, ita ce duk dukiyata. Na ce wa maigida zan sayar da ita in sake kayan sauti. Ya dube ni ya ce, "Akuya sukutum saboda kiɗa?"

"Ba kiɗa ba ne, Malam. Inna ce."

Washegari da kansa ya ja ta zuwa kasuwa.

Yaya gyaran rediyo da waya yake yi a Safana tun gemunsa bai yi furfura ba, don haka shi na ɗora wa aikin. Ya je wurin wani abokinsa mai shago ya karɓo amfilifaya biyu mu gwada a gida, wanda na zaɓa a biya, ɗayan a mayar. Na farko sabo fil a kwali, da sifikunsa cikakku, gabansa fitilu ja da shuɗi suna rawa. Na biyu na gwanjo ne, baƙi, duk ƙarzuna, da nauyi kamar dutsen niƙa, ba shi ma da rimot. Sifika guda kawai ya zo da ita, doguwa, wadda Yaya ya ce ta tsakiya ce: amfilifayan yana tsamo muryar mutane daga cikin kiɗa ya kai ta can. Maigida da yara tuni suka kewaye sabon. Yaya ma ya ce, "Auta, ɗauki mai fitila ki huta. Kuɗinki ɗaya, kayanki cikakku."

Na ce su dakata. Na juya wa talabijin baya, na ja mayafi na rufe fuskata ruf, don ba ni za a saya wa ba. Na ce a sa wuri guda a kowanne, inda wata tsohuwa take yi wa ɗanta nasiha ana kiɗa a ƙarƙashi. Sabon ya buga har ƙirjina yana girgiza, amma maganar a cakuɗe take, kamar mutum yana magana da tuwo a baki. Aka sauya waya zuwa tsohon. Sai ga muryar tsohuwar ta tsaya a gabana ita kaɗai, kiɗan ya ja baya ya ba ta wuri. Har numfashinta na ji.

Na ce, "Yaya, matar nan ba ta da haƙoran gaba."

Ya matsa kusa da talabijin ya leƙa, sai ya fashe da dariya. "Wallahi babu! Ke dai ba mutum ba ce."

Tsohon na ɗauka. Shi da doguwar sifikar suka cinye akuyata, ɗan abin da ya rage bai wuce na wasu sifiku biyu da aka ciro daga matacciyar mota ba, tsirara, babu akwati. Yaya ya haɗa su dama da hagu, suka riƙa kaɗawa fat-fat kamar ana bugun faifai. Ya ce sai kafinta ya yi musu akwatin katako mai kauri, ya faɗi kuɗin, na ce a bar maganar. Maigida ya fara kallon kwalin mai fitila da ba a riga an mayar ba, ni kuma na fara jin kunya.

Yaya ne ya ce, kamar da wasa, akwai mai shayi a Safana da ya kifa sifikarsa a bakin tulu. Nan take na tuna muna yara, yadda muke cusa kai cikin randar Inna mu yi ihu mu ji muryarmu ta koma ta ƙato. Na juye ruwan randarmu a bokitai, muka goge ta, muka mirgino ta falo. Na naɗa gammon tsumma a bakinta, Yaya ya zaunar da sifika a kai ya ɗaure da robar tayar babur. Aka kunna. Sauti ya cika ɗaki, mai kauri, mai daɗi, yara suka hau tsalle. Amma can ƙasa ina jin wani ɗan zzz yana bin kowane bugun ganga. Yaya ya duba wayoyi ya ce babu komai.

"Kunnenki ne matsalarki, Auta. Ni ban ji komai ba."

Sai murya ta fito daga ɗakin Inna: "Randar ga ta tsage. Ku duba gindinta."

Muka kalli juna. Muka karkata randar, ga tsaga siririya kamar gashi, wurin da danshi. Makonni ke nan Inna ba ta tsoma baki a wata magana ba sai an tambaye ta. Sai da gangan na ɗaga murya na ce, "Inna, ai randa duk randa ce. Gobe in aika a sayo kowace iri."

Sai ga ta tana laluben bango. "Kowace iri? Ke kam ban san wa ya haife ki ba. Biyu za ku aza, ko? To sai muryarsu ta zo ɗaya, in ba haka ba kishiyoyi kun ajiye. Ba mai sayen randa a gidan ga sai ni."

Bayan kwana biyu wata mai tukwane daga wajen Zakka ta zo da randuna shida a kura. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar darbejiya. Sai da suka gaisa har kan kakanni, sannan Inna ta ce a miƙo. Takan rungume randa, ta ƙwanƙwasa ciki da zobenta, ta kara kunne a baki.

"Wagga ba ta ji wuta ba."

"Haba Inna! Da hannuna na gasa ta."

"To hannunki ya yi sauri. Kawo wata."

Ta ture uku, ta ajiye uku, ta yi ta buga su bi da bi, tana kirana in saurara. Ni da ita muka tsaya a kan biyu. Mai tukwane ta ce ruwan waɗannan zai yi sanyi kamar na rijiya, Inna ta ce ba ruwa za a zuba ba, magana za a zuba. Matar ta riƙe baki, ta ce ita dai tunda take gini ba a taɓa saya mata randa don a ji fim ba. Da gero muka biya ta, ta tafi tana dariya.

Ranar haɗawa Inna ce shugaba. Ta zauna a tsakiyar falo, Yaya da furfurarsa yana ta jan randuna yana gumi.

"Janye ta daga bango, tana gunji. Ƙara kaɗan. Ta hagu ta fi faɗin ciki, zuba mata yashi kwano guda."

Aka zuba, aka sake ɗaurewa. Ƙananan sifikun nan biyu masu rai aka rataye su a bayanmu. Da la'asar falo ya cika har ƙofa, don labari ya zaga unguwa wai mun sa talabijin a randa. Na zauna kusa da Inna ina jiran ta taɓa ni ta ce wa ya yi magana. Ba ta taɓa ni ba. Can sai na ji ta ce, "Ƙarya yake yi! Ku ji yadda muryarsa ke rawa, shi ya ɗauki kuɗin." Mu masu ido ba mu gano ba sai ƙarshen fim. Da aka zo wurin da hadari ya taso aka yi tsawa, maƙwabciyata ta zabura za ta je kwashe shanya, Inna ta kama mata zane.

"Zauna, ɗiyar nan. Hadarin randa ne. Na gaske daga gabas yake tahowa."

Aka yi ta dariya har da hawaye. Daga ranar yara suka koma roƙon ta ta yi shiru su ji fim, ita kuwa ta ce ba za ta yi ba.

Duk da haka ban saki jiki ba, don ba ta ce ta fasa tafiya ba. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna. Wata safiya na ji babur ɗin Yaya a ƙofa. Ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya zo ne kamar yadda ta umarta. Ina bakin ƙofa riƙe da tsintsiya.

Ta ce, "Madalla. Ka bi 'yan kasuwa da rana tsaka, kada ka tahi kai kaɗai. In ka shiga ɗakina, bayan ƙofa akwai randata ta aure. Ka naɗe ta da ciyawa ka ɗauko mini. Ta hagun ga haƙuri kawai nike da ita."

Yaya ya ce, "To ke fa, Inna?"

"In na tahi wa zai gaya muku kun aza ta a karkace?"

Na jefar da tsintsiyar na rangaɗa guɗa, har kaji suka watse. Inna ta ce in rufe mata baki, amma tana murmushi.

Randar tana nan a hagun talabijin har yau, baƙa, bakinta da ɗan ɓalli, kuma gaskiyar Inna ce, ta fi waccan murya. Har daga Darini an zo an gani an tafi an gwada. Maigida idan ya yi baƙi sai ya tsaya yana yi musu bayani kamar shi ya ƙirƙiro, ni dai ina jin sa ina dariya. Inna kuwa ba ta ƙyale shi, takan ce daga inda take zaune, "Malam, gaya musu mai fitila ka so a saya."