Ba a Yi wa Mai Shawara Allura

Assalamu alaikum. Wata biyar ban ce muku uffan ba, har masu tambayar atamfar da nake sayarwa suka gaji suka daina. Ba wulaƙanci ba ne, kwance nake.

Da ciwon ciki ya fara, ta gefen dama. Sai zazzaɓi. Ranar da idona ya koma ruwan ɗorawa, Inna, mahaifiyata, ta duba ta ce, "Shawara ce."

Shi ke nan, an raɗa wa ciwo suna. A gidanmu kuwa shawara na nufin ciwon da ba a kai shi asibiti, don allura ɗaya ke kashe mai shi. Inna ta ce haka kakanta ya tafi, tun farkon zuwan Turawa garinmu Lafiya. Wa zai ja da kakan da ke kabari?

Kwana goma sha ɗaya ina shan jiƙo. An hana ni mai, an hana ni nama. Fitsarina kamar shayi ba madara. Ko ƙarfin musu ba ni da shi.

Mijina ne ya gaji, ya taro keke napep a titin Akurba ya sa ni ciki.

Kafin Inna ta biyo mu an ɗebi jini, an yi hoton ciki. Likita ya ce mata, "Hajiya, shawara alama ce, ciwo iri-iri ke kawo ta. Ita tsakuwa ce ta toshe mata hanyar matsarmama."

Inna ta damƙe hannuna, daidai inda za a sa allurar ƙarin ruwa. Nas ta ce da tsintacciyar Hausarta, "Mama, sake hannun. Yarinyan nan zai tafi fa."

Ina jin su, ina kallon silin. Wallahi na tsorata, don ni ma da wannan ma'anar na girma. Da allurar ta shiga, kalmar shahada na yi.

An yi tiyata. Babur ɗin mijina ya tafi a kuɗin aiki. Kwana tara na yi a gadon asibiti.

Alhamdu lillahi, na miƙe. Na gode wa mijina, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Don Allah, in ido ya sauya launi, ku je a gwada jini kafin kowa ya sa wa ciwon suna.

Inna dai ta ce, "Ashe taki ba ta gaske ba ce. Da ita ce, da allurar nan ta kai ki."

Jiya maƙwabciyarmu ta shigo, idon mijinta ya fara rawaya. Inna ta ba ta ragowar jiƙona. Na yi magana har da kuka, suka ce in kwanta, ban gama warwarewa ba.