Tatsuniyar da Iya Ba Ta Taɓa Rufewa Ba

A gidanmu na Fagge, Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu bayan tuwon dare. Kakata ce ta wajen uwa, sana'arta zanen ƙwarya. Sai ta tura ƙarfenta cikin garwashi, ta ɗora ƙwarya a cinya, mu jikoki mu zagaye ta. Har yau in na ji ƙaurin abu yana ƙonewa, ita nake tunawa.

"Ga ta nan ta taho muku, ku matsa mata ta zauna," haka take farawa.

Duk tatsuniyar Gizo takan rufe ta da ƙurunƙus, mu watse. Amma akwai guda ɗaya da ba ta taɓa rufewa ba.

Wai wata mai zanen ƙwarya ce ta aiki 'yarta rafi. Ƙwaryar ta dawo a kan ruwa, yarinyar ba ta dawo ba. Tun daga ranar, kullum uwar sai ta zana sabuwa ta saka a ruwa, ko 'yar za ta gane hannunta ta biyo.

Daga nan labarin yake rikicewa. Yau kada ne ya dawo da yarinyar a bayansa. Gobe ƙoren sun cika rafin har mutane suna takawa su haye. Wata rana kuma Iya ta bar labarin a nan, ta koma hura garwashi.

"Iya, jiya ba haka kika ce ba!"

"Ke uwar iyayi, jiya ai jiya ce."

"To ki ce ƙurunƙus mana."

"Ba a rufe ƙofa da mutum a waje. Ku tashi ku kwanta."

Mu dai dariya muke, muna cewa tsufa ne. Sai bayan rasuwarta babata ta gaya min cewa ƙyanda ta ɗauke 'yar farin Iya, kuma kafin nan ko ƙarfen zane ba ta taɓa riƙewa ba.

Yanzu ni ce uwa, muna haya a Sabon Gari. Da daminar bara Allah ya karɓi ɗana Sadiq. Yayarsa Ummi, mai shekara shida, tun daga nan maganarta ta ɗauke, sai ɗaga kai da girgizawa. Gawayi kawai take ɗauka tana zana da'ira a bango, kowacce da ɗan mutum a ciki.

Babanta ya ce in goge, in ɓoye gawayin, zanen ne yake hana ta mantawa. Maƙwabciyata Maman Chidi ta ce, "Maman Ummi, kar ki taɓa shi, bakinta ke nan." Ni ban yi karatu mai nisa ba. Na jiƙa tsumma na tsaya a gaban bangon har ya bushe a hannuna. Shin zanen ne ya warkar da Iya, ko shi ne ya hana ciwon rufewa? Na gan ta tana dariya da ƙarfen a hannu, na kuma ga hawayenta, tana cewa hayaƙi ne.

Shekaranjiya da aka ɗauke wuta, na zaunar da Ummi kusa da kurfotin gawayi, na ba ta labarin. Da na zo inda uwar take saka ƙwarya a ruwa, na rasa ƙarshen da zan ɗauka.

Sai na ji wata 'yar murya a shaƙe: "Umma, in na zana da yawa, Sadiq zai gani?"

In na ce e, ina tsoron ƙarya. In na ce a'a, ina tsoron shirun ya dawo. Na ce, "Allah dai yana gani. Wanne ne shi a ciki?"

Ta ja hannuna zuwa bango, tana nuna min ɗaya bayan ɗaya, tana faɗar inda zai je a kowacce.

Har yau ban san ko daidai na yi ba. Tsumman dai na mayar da shi na goge-gogen tukunya. Da muka kwanta ta ce, "Umma, ba ki ce ƙurunƙus ba."

Na buɗe baki, sai muryar Iya ta fito: "Ba a rufe ƙofa da mutum a waje."