Ƙaryar da Na Yi wa Katakai Huɗu

Shekarun baya, wajen lokacin da wayar hannu ta fara yawa a Samaru, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama maigidana. Jikata ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata, don ni ban taɓa zama a aji ba. Ba na kuma jin kunyar hakan. Tatsuniyoyin da ke kaina sun fi littattafan ɗakinsa yawa, shi ma ya sani.

Malam ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci a firamare. Mutum ne da kuskure ba ya wucewa ta gabansa lafiya. Ko allon mai shayi ya gani an rubuta ba daidai ba, sai ya tsaya ya gyara, ni ina gefe da kayan cefane a ka.

Da muka dawo daga asibiti, hannun dama ba ya motsi, baki ya karkace. Likita ya ce harshen bai mutu ba, amma dole ya riƙa motsa shi, in aka daɗe zai sandare ke nan. Sau ɗaya Malam ya gwada kiran wannan jikar tawa, maganar ta fito a cakuɗe, yarinya ta yi dariya irin ta yara. Daga ranar ya kulle bakinsa. Wata uku cur! Na roƙa, na yi faɗa, na zaga bayan ɗaki na yi kuka. Sai dai ya nuna da yatsa.

Yana da wani aboki Ibo mai sayar da littattafai a Sabon Gari. A can aka haife shi, Hausarsa kamar ta Bazazzagi. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya hau bas ya zo da 'yar jakar yadi cike da ƙananan katakai masu haruffan Turanci, su zauna su yi ta haɗa kalmomi. Ni cacar 'yan boko nake ce wa abin.

Wata Lahadi ya zazzage katakan a tire, ya jera huɗu gaban Malam. Jikata ta ce a rubuce team ne. Ya ce, "Ticha, nuna mini kana nan." Malam ya daɗe yana kallo. Can ya miƙa hannun hagu ya sauya musu wuri, suka zama meat.

Abokin ya yi tafi. "Madam, kin gani? Haruffan nan huɗu ne dai, amma in kika juya su kalma ta sake, ma'ana ta sake. Ta farko ƙungiya ce, kamar ta 'yan ƙwallo. Wannan kuwa tana nufin..."

Na ce, "Dakata. Wa ya ce maka ban sani ba?"

Wallahi ban sani ba, girman kai ne kawai. Amma tunda na faɗa, sai na ƙarasa. Na ce, "Wannan ai tana nufin tsohuwa mai kyau."

Sai na ga girar Malam ta ɗaga. Irin ɗagawar da take yi gaban allon mai shayi. Na ce a raina, ashe ga ƙofa nan.

Na raka abokin zaure na ce ya bar mini katakan huɗu, kuma kada ya kuskura ya gaya mini komai. Ya ce, "Madam, za ki kashe mini aboki da baƙin ciki." Na ce, "Gara ya zage ni da ya yi shiru."

Daga nan na kafa makaranta. Kullum da hantsi in kira maƙwabciyata, in ajiye tire, Malam ya jera, ni in fassara da babbar murya. Ya jera tame, na ce ai sunan wani aljani ne da ke zaune a rafin Bomo, na ba da labarinsa har da waƙa. Ya jera mate, na ce tabarmar Turawa ce. Maƙwabciyata tana gyaɗa kai tana cewa, "Ikon Allah, Yaya, ashe kin iya!" Malam kuwa sai huci. Ran nan har ya ture tiren da gwiwa.

A rana ta tara ya sake jera ta farkon nan tasa, wato meat. Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Kin gani ko? Tsohuwa mai kyau. Kullum sai ya rubuta mini."

Sai muka ji wata murya kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

"Na... ma."

Na yi kamar ban ji ba. "Malam, me ka ce?"

"Nama ne! Ke! Nama!"

Na ce, "Ashe nama kake so, shi ne ka yi wata uku kana kallona?" Sai hawaye suka ƙwace mini. A ranar, ni da kaina na je kasuwa, na yi masa farfesun da ban taɓa yin irinsa ba.

Maganarsa ba ta dawo sarai ba, amma ta dawo. Shekara shida muka ƙara tare, kuma bai fasa yi mini gyara ba. Shi ya gaya mini tame ita ce dabbar da ta saba da mutane. Mate kuwa, sai da na tambaya sau uku kafin ya kau da kai ya ce, "Abokin zama."

Ni dai abin da na gane, kowa da inda ake taɓa shi ya motsa. Nasa ba lallashi ba ne, a faɗi abu ba daidai ba ne a gabansa.

Katakan suna cikin kwallata har yau. Wani lokaci nakan fito da su in jera yadda hannuna ya ga dama, in faɗi ƙaryata da ƙarfi, sannan in ɗan saurara.