Rumbun Maiwada Ba Jinka

In ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Janfalan da Paki, har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka wani tudun jar ƙasa a bayan kango su ce maka aikin Maiwada ne. Wasu gaskiya suke faɗa, wasu kuwa neman suna ne kawai, don a zamaninsa a ce Maiwada ya gina maka rumbu abin tinƙaho ne. Ni dai daga bakin Bilki, matar ɗansa, na ji labarinsa bayan ta tsufa, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta share ido da gefen zane ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa duk faso saboda cuɗa ƙasa. Kafin ya yarda da ƙasar gini sai ya ɗanɗana ta da harshe, in ba ta yi masa ba ya tofar ya kama hanya, ko da mai aikin ya riga ya yanka kaza. Ba ya ɗora gini fiye da kamu ɗaya a rana. In ka matsa masa ya ce ka je ka nemi mai sauri, ai suna da yawa. Taurin kansa kuwa, jakin gidansa ma ya san ba ya kamo shi.

A ƙauyen akwai al'adar da kowa ya taso ya tarar: mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Maigida ne ke hawa tsani ya shiga, ya fito da dami ya miƙa, ita kuma ta sussuka ta daka. Abin da ya rage a ciki tsakaninsa ne da Allah. Maiwada ya riƙe wannan al'ada fiye da kowa, har yakan tsuke bakin rumbu da gangan in yana gini. Matarsa Uwaliya ta shekara talatin da wani abu a gidansa, ba ta san yadda cikin nasu rumbun yake ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Sai aka shiga babban yaƙin Turawa, aka fara abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. A zo ƙauye a tsince majiya ƙarfi, a tasa su gaba zuwa haƙar kuza a tudun Jos. Ana tsakiyar noman farko aka tafi da Uwaisu, ɗan Maiwada guda ɗaya tilo, tare da duk wani saurayi mai jini a jika. An ce wata huɗu za su yi. Ya bar Bilki da 'ya'ya biyu ƙanana, ya bar wa tsoho gona biyu da fartanya ɗaya.

Gonar dawa ciyawa ta cinye ta tun kafin marka. Ta gero da ke can bakin rafi ya lallaɓa ya nome rabi, ciyawar wuta-wuta ta gama da sauran. Da aka zo girbi, abin da ya samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya saba ba. Ya tsaya a gonar ya duba ya sake dubawa, ya san ko kunu za a riƙa sha ba zai kai su bazara ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa ɗoro dami biyu-biyu a kan jaki yana biyowa ta bayan gida, kwana da kwanaki, don a ga kamar jigilar ba ta ƙarewa. Da Uwaliya ta tambaye shi yaya amfani, ya ce, "Alhamdulillahi, gero ya rama mana dawa."

Kuma ya ci gaba da fito mata da dami kamar shekarar ƙoshi, don kada ta gane. A nan ne nake jin haushinsa, ko da yake ina tausayinsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma Maiwada ya manta cewa tuwon ma sai da shi.

Kaka ta kama. Shamuwa ta tashi, raɓa ta yi nauyi, aka yi mako biyu ba ɗigon ruwa. Kowa ya ce damina ta yi sallama. Gara ta riga ta cinye jinkar rumbun, wato hular ciyawar da ke kare shi daga ruwa, sai Maiwada ya ture ta, ya yi wa rumbun sabon yaɓe, ya kife bakin da kasko. Ya zauna a ƙasa ya ɗaura sabuwar jinka, babba, mai kauri, irin wadda sai ƙarti shida ke ɗagawa. Ƙartin kuwa suna Jos. Dattawan unguwa suka ce ya bari sai Juma'a in an sauko daga masallaci, su taru su ga abin da ƙarfinsu zai iya.

Ranar Laraba gari ya waye da wani irin zafi mai toshe numfashi. Ganye ba ya motsi. Tururuwa ta yi layi a gindin katanga tana kwashe ƙwanta zuwa tudu. Maiwada ya gani, ya kawar da kai, ya ce a ransa hadarin kaka ne, rugugi ya fi ruwa yawa.

Bayan azahar Jumare, wani Bafillace da ke mashekari a kusa, ya biyo da shanunsa yana kora su da sauri. Suka gaisa a tsaitsaye, abin da ba su saba ba.

Jumare ya ce, "Malam Maiwada, rumbunka ba hula?"

"Sai jibi, in Allah ya kai mu."

"Jibi ta yi nisa. Tun safe shanun nan suke ɗaga hanci gabas, sun ƙi kiwo. Dubi can."

Maiwada ya juya. Gindin sama ta gabas ya yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya, samansa kuma ja, alamar iska ce ke gaba. Shi magini ne, ba sai an gaya masa ba: ɗanyen yaɓe ba jinka, in ruwa mai iska ya doke shi, zai jiƙe ya narke ya rufta a kan geron. Geron da ya cakuɗe da laka kuwa, kwana uku ya tsire ya ruɓe. Abincin mutum biyar ke nan.

Ya zura takalmi ya shiga gida-gida. A gidan farko aka ce maigidan ya ruga gona yana ɗaure karan dawa kada iska ta kwantar. A na biyu haka. Liman yana kwance ba lafiya. Ya tarar da wani tsohon abokinsa a bakin hanya ɗauke da igiya, ya riƙe masa riga yana cewa don Allah don Annabi. Mutumin ya ce, "Maiwada, tawa gonar ma ni kaɗai ne. Ka yi haƙuri." Ya zare rigarsa ya wuce. Maiwada ya tsaya a tsakiyar hanya yana kiran sunayen mutane, ba mai amsawa sai kaji da ke gudu suna neman maɓoya.

Da ya dawo ya tarar Uwaliya da Bilki sun yi ɗamara a gaban jinkar, da maƙwabciyarsu Sabuwa. Uwaliya ta ce, "Malam, mu gwada."

A wata rana da ya yi musu tsawa. Ranar nan kuwa sunkuyawa ya yi ya kama gefe. Suka ce bisimilla suka ɗaga. Ta tashi zuwa gwiwa, ta kai ƙugu, Sabuwa ta fara rawar jiki. Maiwada ya sa kafaɗa ya yunƙura da duk ƙarfin da ya rage masa, sai ya ji wani abu ya tsinke a bayansa. Jinkar ta faɗi, shi ma ya faɗi a gefenta.

Iska ta farko ta iso, mai sanyi, ta kwashi ƙaiƙayi da busasshen ganye ta watsa musu a fuska. Yaran suka fashe da kuka a cikin gida. Sabuwa ta tuna da shanyarta ta ruga.

Uwaliya ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Tunda ba ta ɗaguwa, a kwashe geron a kai zaure. Soro ne, ba ya yoyo."

"Ni zan shiga."

"Da wane bayan?"

Ya ja jiki ya kama tsani. Ya taka matakala ta farko, ya ɗaga ƙafa zuwa ta biyu, zafin ya sare shi ya zamo ƙasa. Ya sake gwadawa, gumi na zuba, haƙora a cije. Ya sake zamowa. Aka yi wata tsawa can nesa mai tsawo, ƙasa ta amsa.

Uwaliya ta ɗora hannu a kan tsanin. Ya riƙe mata ƙafa.

"Kada ki hau. Mace ba ta shiga rumbu. Ki bari ko wani zai zo."

"Wa zai zo, Malam? Yaron nan ne zai taso daga Jos?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "In zunubi ne na ɗauka. Jikokinka za su ci al'ada ne?"

Ya saki ƙafar, ya juya fuskarsa ga katanga.

Uwaliya ta hau, ta ture kaskon, ta zura ƙafafu ta sulale ciki. Bilki ta hau tsanin ta miƙa hannu tana jira. Shiru. Ta ce, "Inna, lafiya?" Shiru dai. Har ta fara tsoron ko maciji ne, sai ga dami ya leƙo.

Suka shiga aiki kamar mahaukata. Uwaliya ta turo, Bilki ta karɓa ta sauko ta ruga zaure ta dawo. Zanenta ya kwance ta ɗaure, ƙaya ta soke ta ba ta tsaya cirewa ba. A ranta tana cewa ba za su taɓa gamawa ba, rumbu guda cike da gero, mata biyu, ga hadari ya rufe rabin sama. Tana gudu tana roƙon Allah ya ba su ko da rabi ne.

Ta dawo ta hau ta miƙa hannu. Ba abin da ya fito.

"Inna, miƙo! Ruwa ya kusa!"

Muryar Uwaliya ta fito daga ciki a hankali. "Sun ƙare, 'yar nan. Kama hannuna in fito."

Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba tukuna. Har suka sami sararin kama Maiwada su kai shi zaure, suka kwaso yara da akuya.

Sannan ruwan ya zo. Iska ta yaye rufin ɗakin girki, ta mirgina sabuwar jinkar har cikin gonar maƙwabta. Ruwa yana dukan bango a kwance. Kafin magariba suka ji rumbun ya zube, ƙara ɗaya mai nauyi. Ba wanda ya leƙa. Duk idonsu na kan geron da ke jingine a kusurwar zaure, bai ko kai tsayin taga ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Uwaliya ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, kwana arba'in ina tuƙa tuwon masu hali, har ina aika wa maƙwabta. Da ka faɗa mini ranar da ka gama girbi, da na san yadda na yi da shi. Da rama da tafasa da zogale, wallahi da na kai mu ruwan farko."

Maiwada ya ce, "Kunya na ji."

Ta ce, "Na sani."

Da safe Bilki ta goya ƙaramin, ta ɗora ƙunshin kayanta a ka, ta riƙe hannun babbar. Ba wanda ya ce ta tafi. Ta durƙusa a gaban surukinta ta ce, "Baba, zan je gidanmu Paki in duba iyayena, in kwana biyu." Dukansu sun san baki uku take ragewa, kuma sun san ba kwana biyu ba ne.

Yarinyar ta ƙi tafiya, ta maƙale a ƙofar zaure tana cewa kaka ya taso ya raka su rafi kamar kullum. Ya dafa ƙasa ya yunƙura, bayan ya ƙi. Ya ce mata ta je, yana nan tafe. Bilki ta ce wannan ne ganinta na ƙarshe da shi, yana kwance a kan tabarma yana ɗaga musu hannu, Uwaliya kuma tana bayansa ta kwance dami ɗaya tana raba shi gida uku don ya yi musu auki.