Kabewar da ta tsallaka katanga

Jiya ƙamshin miyar taushe ya shigo mini daga gidan maƙwabta, sai na tuna dangar Kaka a ƙauyenmu, kusa da Yekuwa.

Da ruwan farko take binne irin kabewarta a gindin danga, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Kafin gero ya yi kai, yaɗon ya rufe karan kaf, ganye kamar faifai, fure ruwan ɗorawa, zuma na ta kai-komo. Rabinsa kan faɗa gidan maƙwabta. Na taɓa ce mata mu jawo shi.

"Kai, maigidan banza," in ji ta, don haka take tsokanata. "Wadda ta tsallaka ta zama tasu. Ita ta san inda rabonta yake."

Da ta rasu, ɗan irin da ya rage ni aka ba, a ƙulle cikin tsumma. Bana na shuka shi duka a gidan da nake haya a Magariya. Wataƙila ganganci ne, ban sani ba. Ya fito, ya hau katanga. Duk sanda ya leƙa waje sai in jawo shi kafin in tafi biro, wurin aikina. Ina ce wa kaina kada ya dami maƙwabta da ganye ne. Ina jin ba gaskiyar ke nan duka ba. Tsoro nake ji irin ya fita hannuna.

Rassan da na yi ta ja suka karye, furen ya zube. Wata safiya tsohuwar gidan, uwar maƙwabcina, ta gan ni tsaye bisa kujera, ina jawo wani reshe.

"Ɗana, kabewarka na son gaishe mu, kai kana hana ta?"

Kunya ta sa na saki reshen. Shi kaɗai ya yi ɗa, kuma ta ɓangarensu. Na yi ta jin nauyin in roƙi irin, don bisa ƙa'idar Kaka ba nawa ba ne.

Bayan ƙamshin nan na jiya, sai ga ƙwarya bisa katanga: miya a kwano, iri a gefe, an wanke shi tas.

"Na rage nawa," ta ce daga can. "In naka ya mutu, ka zo."

Katangun yanzu na siminti ne, sun fi dangar Kaka tsawo. Amma ban ga laifin katangar ba. Ita ba ta jawo reshe ko ɗaya ba.