Gyaran da Na Yi wa Ampilin Kawu

Kawuna tsohon soja ne. Abu biyu ya dawo da su Filingue: ciwon gwiwa, da wani tsohon ampili, na'urar ƙara sauti mai fitilu a ciki, wanda sai ya yi zafi kamar tandar masa kafin ya yarda ya yi magana. Da shi yake busa armonika, ƴar abar busan nan mai ramuka a jere, yana manna ta a bakin makirfo. Takardar lasifikar ampilin ta yage tun ina goye. In ya busa, wani gurnani ke fita, ni dai a kunnena jaki ne mai mura.

Amma da mai gogen ƴan borin unguwarmu ya rasu, sai ƴan borin suka koma kiran Kawu. Suka ce gurnanin nan ya yi kama da goge, iskoki na jin shi su sauko. Tsohon da ko a kasuwa ba a tsaya masa, sai ga shi ana yi masa shimfiɗa. Ya samu dalilin wanke riga.

Sai ga ni, mai ilimi. Shekara uku na yi a Yamai ina koyon gyaran rediyo, na dawo ina kallon kowa bagidaje. Ranar kasuwa, da Kawu ya fita, na kwance sukurori huɗu, na narka dalma, na ɗaura sabuwar lasifika fil. Tsohuwar na wurga bayan danga, awaki suka yi kalaci da takardar.

"Mi kay yi ma abin ga?" in ji Kawu da ya dawo.

"Na gyara shi, Kawu. Yanzu za ka ji busa ta gaskiya."

Washegari da la'asar aka yi wasa don wata mara lafiya. Na zauna gaba-gaba ina jiran yabo. Kawu ya busa, sauti ya fito tas kamar labarun rediyo, har kurakuransa da gurnani ya daɗe yana rufa wa asiri suka fito fili. Masu ƙwarya suka kaɗa har hannu ya gaji, ko mutum ɗaya bai girgiza ba. Can tsohuwar da ke jagorancin wasan ta tofar da goro ta ce, "Wanga kiɗin ƴan lakwal na, ƴan boko. Mu ma ba mu san shi ba, balle iskoki." Aka naɗe tabarmi. Kawu ya ɗora ampilin a ka da gwiwar nan tasa, ya ƙi yarda in karɓa.

A gida ya sa aka ba shi basilla. Ina tsaye yana huda sabuwar lasifikata, ya busa, ya saurara, ya ƙara tsaga ta da wuƙa. Ta yi gurnani kam, amma ba wancan ba. Garin neman gira na rasa masa ido, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Waccan shekara talatin ta yi tana yagewa," ya ce. "Kai ko yini guda ya ishe ka."

Ƴan bori suka samo mai goge daga wajen garin Sanam. Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Amma har ya bar duniya, duk rediyon da ya lalace a gidan sai ya ce a kai wa wani can bakin tasha. "Namu ya cika iyawa."